Hayaƙi Mai Launi a Hoton Biki, da Abin da Ya Same Ni a Hanyar Bosomtwe

Shekara 11 ke nan ina sana'ar ɗaukar hoto a Kumasi, a ƙasar Ghana, kuma a 'yan shekarun nan babu abin da amare da angwaye suka fi tambayata a kansa kamar hayaƙi mai launi. Amarya za ta shigo shagona a Aboabo da ƙawayenta, ta buɗe wayarta, ta nuna mini wani hoto da ta gani a Instagram, mace da namiji suna tsaye cikin gajimaren shuɗi ko ruwan hoda, ta ce irin wannan take so kafin biki. Ba na ganin laifinta, domin abin yana da kyau ƙwarai idan an iya shi, kuma ni kaina ina cikin masu sha'awarsa. Sai dai hoton da ke cikin wayar ba ya nuna abin da ke bayan kyamara, ba ya nuna irin ƙasar da aka tsaya a kanta, ba ya nuna wanda ke riƙe da bokitin ruwa, kuma ba ya nuna zafin bututun da hayaƙin yake fitowa daga cikinsa. Wannan ɓangaren nake so in yi magana a kansa, musamman ga 'yan'uwana masu hoto na Zango da yaran da suke koyon aiki a hannunmu.

Wata ranar Asabar a cikin Janairu, hunturu ya kankama, na ɗauki wani ango da amaryarsa zuwa wajen Tafkin Bosomtwe, wanda yake kimanin kilomita 30 kudu maso gabas da Kumasi. Tare da mu akwai gwaggon amarya, wadda iyaye suka haɗa mu da ita, da yarona mai riƙe mini kaya. Kafin mu gangara Abono, ƙauyen da ke bakin tafkin, sai na hango wani fili a gefen hanya, ciyawa ta bushe ta yi launin zinariya, rana ta karkata tana haska ta ta baya, na ce wa direba ya tsaya. Na ba ango bututu ɗaya na jan hayaƙi, na nuna masa yadda zai ja zoben, na koma baya na ɗaga kyamara. Da farko komai ya tafi daidai. Bayan kamar minti ɗaya sai na ga fuskarsa ta canza ta cikin gilashin kyamara, ya mayar da bututun ɗaya hannun, sannan ya sake shi ƙasa, domin zafin ya kai inda yatsunsa suke. Bututun ya gangara cikin ciyawa yana ci gaba da fesa hayaƙi, kuma saboda jan hayaƙin ya rufe wurin, ba mu ga harshen wutar ba sai da muka ji ƙarar ciyawa tana ci.

Abin da muke da shi na ruwa shi ne rabin jakar fiya-wata a bayan mota. Muka dinga fasa ledojin da haƙori muna watsawa, wutar tana gaba tana bin iska, gonar koko kuma ba ta fi taku talatin daga wurin ba. Allah Ya taimake mu wani dattijo manomi da 'ya'yansa biyu suka fito da gudu da ɗanyen ganyen kwakwar manja, suka yi ta bugun bakin wutar har ta mutu. Da ƙura ta lafa, dattijon bai zage mu ba. Ya tsaya yana haki, ya nuna mini bishiyoyin da hannu, ya gaya mini da harshen Twi cewa a 1983, shekarar fari da gobarar daji da yunwa, gonar mahaifinsa ta ƙone ƙurmus a yini ɗaya, kuma bishiyar koko sai ta yi shekaru kafin ta fara ba da 'ya'ya. Na ba shi haƙuri iyakar iyawata, na kuma koma bayan kwana biyu da goro da abin da ya sawwaƙa. Amma maganar da ta fi zauna mini ita ce ta gwaggon amarya a cikin mota, wadda ta yi shiru har muka kusa Kuntanase, sannan ta ce, “Mai hoto, kai ka kawo wutar nan, kai ya kamata ka kawo ruwanta.” Na ce, “Gaskiyarku ne, Gwaggo, ku yafe mini.” Ban sake cewa komai ba har muka iso gida.

Kuskurena na farko shi ne ban ɗauki abin a matsayin wuta ba. Masu sayarwa suna kiransa gurnetin hayaƙi ko bam ɗin hayaƙi, amma tunda ba ya fashewa, kuma an naɗe shi da takarda mai kyau kamar kayan wasan yara, sai mutum ya saki jiki. A cikin bututun akwai garin rini, da wani abu mai ci da wuta wanda galibi nau'in sukari ne, da sinadarin da yake samar da iskar da wuta take buƙata, da kuma wani gari da aikinsa shi ne rage zafin ƙunar don kada rinin ya ƙone. Idan aka ja zoben, wuta ce take kamawa a ciki, zafinta ya mayar da rinin tururi, tururin ya fito ya haɗu da iska mai sanyi ya zama ƙananan ƙwayoyin launi, su ne muke gani muna kira hayaƙi. Daga wannan bayani abubuwa biyu suke fitowa, kuma duk wanda ya riƙe su ya gane rabin al'amarin. Tunda abin yana ɗauke da iskarsa a cikinsa, idan ya kama ba a kashe shi da takawa ko rufewa da tsumma, sai ya cinye kansa. Kuma tunda launin rini ne na gaske, duk abin da ya sauka a kansa daga kusa zai rina shi, ko shadda ce, ko bango, ko fatar kujerar mota.

Kamfanoni irin su Enola Gaye na Ingila suna rubuta cewa nasu mai sanyin ƙuna ne, kuma masu sayarwa a nan suna maimaita wannan kalma ga abokan ciniki kamar tana nufin ba ya zafi. Abin da take nufi shi ne ƙunar ba ta kai ta irin na sojoji ko na jiragen ruwa ba, kuma ba a ganin harshen wuta a waje. Amma a daidai lokacin da aka ja zoben yana fitar da tartsatsi, bakinsa yana zafi sosai, kuma jikin bututun yana ƙara zafi yayin da ƙunar take gangarowa ƙasa. Wanda aka fi amfani da shi a hoto yana kai kimanin daƙiƙa 90, ƙananan kuma kusan rabin minti. Akwai ma masu fesowa ta baki biyu, sama da ƙasa, waɗanda idan mutum ya riƙe su kamar yadda yake riƙe na baki ɗaya zai ƙona tafin hannunsa. Shi ya sa nake karanta rubutun jikin kowane bututu ko da na saba da irinsa, wanda kuwa babu sunan kamfani da bayanin amfani a jikinsa ba na sayensa komai arharsa.

Tun daga ranar Bosomtwe, ƙasar da za a tsaya a kai ita nake fara dubawa kafin haske. Daga Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu, wani lokaci har cikin Maris, ba na kunna hayaƙi a kusa da ciyawa ko busasshen ganye ko gefen gona, ko da abokin ciniki zai ninka mini kuɗi. Ina neman jar ƙasa tsirara, ko filin ƙwallo marar ciyawa, ko siminti, ko yashin bakin ruwa. Abin takaici shi ne lokacin hunturu shi ne lokacin da biki ya fi yawa, kuma busasshiyar ciyawa ita ce ta fi kyau a hoto, don haka jarabar tana da ƙarfi. Wanda yake ganin na cika tsoro ya nemi labarin gobarar El Dorado a jihar Kalifoniya ta Amurka. A watan Satumba na 2020 wasu ma'aurata suka kunna irin wannan hayaƙi a wani fili don ɗaukar hoton sanar da jinsin jaririn da suke jira, ciyawa ta kama, wutar ta ci fiye da eka 22,000, ta ƙona gidaje, ta kashe ma'aikacin kwana-kwana ɗaya, kuma a 2024 kotu ta yanke wa mijin hukuncin ɗaurin shekara guda. Mu ma a nan muna da dokar hana ƙona daji tun 1990, kuma ba ta ware wanda ya tayar da wuta saboda hoto ba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

A cikin gari kuma matsalar ta sha bamban. Unguwanninmu irin su Aboabo da Asawase da Sawaba gidaje ne a manne da juna, lunguna matsattsu, kiyos na katako a kowace kusurwa, wayoyin lantarki a saman kai, tukunyar gas a ƙofar mai waken safe. Mutanen da suka ga gobarar kasuwar Kejetia a 2023, suka kuma ga yadda kasuwar Kantamanto ta Accra ta zama toka a farkon Janairun 2025, ba za su hango hayaƙi yana tashi daga bayan gida su tsaya tambayar launinsa ba. Za a yi ihu, za a yi gudu, tsoho zai faɗi, wani zai kira 'yan kwana-kwana su bar wani wurin da ake buƙatarsu da gaske. Saboda haka ba na yin hayaƙi a cikin lungu, ko kusa da gidan mai, ko kasuwa, ko asibiti, ko bakin babbar hanya inda zai rufe wa direbobi ido. Idan wurin na wani ne, ko lambun shaƙatawa ne, ko harabar otal, sai na nemi izinin mai wurin tun kafin ranar, na kuma gaya masa a fili cewa abin da zan kunna wuta ce, sannan in zagaya in sanar da maƙwabta da masu gadi.

Wani abin da ba mu cika magana a kansa ba shi ne tufafi. Yawancin leshi da mayafai da net ɗin da amare suke sawa yanzu zaren roba ne, kuma zaren roba idan tartsatsi ya taɓa shi narkewa yake yi ya manne da fata, wanda ya fi ƙunar auduga muni. Ga gashin kanti, ga man fesawa na gashi, ga turaren da aka yi wanka da shi minti biyar kafin hoto, dukkansu abokan wuta ne. Babbar riga kuma tana da hannu mai faɗi da iska take kaɗawa inda ta ga dama. Don haka na daina ba amarya bututu ta riƙe, kuma da wuya in ba ango. Yarona ne yake kunnawa, sanye da safar hannu ta fata da tabarau, ya juya bakin bututun nesa da fuskarsa da ta kowa, ya ja zoben zuwa gefe da ƙarfi sau ɗaya, ya jira tartsatsin farko ya wuce, sannan ya bi ta bayansu da shi da tazarar taku huɗu ko biyar ya fice daga hoton. Wani lokaci kuma mukan kafa shi a cikin gwangwanin da muka cika da yashi mu ɓoye shi a bayan dutse. Hoton da ake samu ta haka ya ma fi kyau, domin fuskokin suna fitowa sarai, hayaƙin yana bayansu kamar labule, kuma farar shaddar da aka kashe wa sidi masu yawa ba ta komawa gida da ɗigon shuɗi a kafaɗa.

Iska ita ce mai hukunci a wannan aiki. Kafin in kunna komai nakan ɗebi ƙura in sake ta in ga inda ta nufa, in maimaita sau biyu ko uku, domin a kwarin Bosomtwe da wuraren da ke da tuddai iska tana juyawa ba sanarwa. Wanda ake ɗauka yana tsayawa ne ta yadda iska za ta kwashe hayaƙin daga fuskarsa, masu kallo kuma su koma ɓangaren da iskar take fitowa. Ina tambayar kowa, tun a shago, ko akwai mai asma ko ciwon ƙirji ko mai juna biyu a cikin waɗanda za su zo, kuma ina sake tambaya a wurin, domin mutanenmu ba su cika son faɗin ciwonsu a gaban surukai ba. Na taɓa ganin ƙanwar wata amarya, yarinya 'yar shekara tara ko goma, ta tsuguna tana jan numfashi da ƙyar bayan iska ta juyo da hayaƙi kan 'yan rakiya, kuma abin shaƙarta yana gida. Ta warware bayan an fitar da ita sarari, amma tun daga lokacin yara ƙanana ba sa tsayawa kusa idan zan kunna. A cikin ɗaki ko zaure ko situdiyo kuwa ba a yinsa sam, komai girman taga. Haka nan ranar hawan Sallah, idan sarakunan Zango sun fito da dawakai, ba na yarda yarana su kusanci doki da shi, domin dokin da ya firgita a cikin taro ya fi ƙarfin mai riƙe da linzaminsa.

Yanzu kayan da ba na fita ba tare da su ba sun ƙaru: jarka biyu ta ruwa, bokitin ƙarfe, ƙaramar tukunyar kashe gobara, da tawul na auduga da nake jiƙawa kafin a fara. Duk bututun da ya gama aiki yana shiga bokitin ruwa, ba ya shiga bola ko jakar kyamara, kuma ba ma barin wurin sai mun zagaya mun duba ƙasa. Wanda ya fi haɗari shi ne wanda aka ja zobensa bai kama ba, domin abin da zuciya take raya wa mutum shi ne ya leƙa bakinsa ya ga me ya faru. Na gaya wa yarana cewa duk wanda na gani ya leƙa, ranar ya gama aiki da ni. A ajiye shi a ƙasa tsirara, bakinsa yana kallon inda babu kowa, a ja da baya, ni nakan ba shi aƙalla minti goma, sannan a nutsar da shi a ruwa ya kwana. Ba a ƙoƙarin kunna shi da ashana, ba a kuma farke shi. Idan tsautsayi ya sa wani ya ƙone, a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi mai gudana na minti 20, a cire zobe ko awarwaro kafin wurin ya kumbura, kada a ɓalle tufar da ta manne, kuma kada a shafa man goge baki ko ɗanyen ƙwai ko manja kamar yadda aka saba a gidajenmu. Ƙuna a fuska ko hannu ko mai faɗi ta asibiti ce, kuma asibitin koyarwa na Komfo Anokye yana da sashen masu ƙuna. Lambar 'yan kwana-kwana 192 ce, ta gaggawa ta ƙasa kuma 112, kuma gara a kira su tun wuta tana ƙarama.

Game da doka, tun 1999 akwai umarnin gwamnati da ya haramta nok-awut da wasu nau'o'in kayan tartsatsi, wanda 'yan sanda suke tunatar da jama'a a kansa duk ƙarshen shekara. Saboda haka kafin mai hoto ya tara irin wannan kaya a shagonsa, ya je ofishin 'yan sanda da na kwana-kwana na yankinsa ya yi tambaya, ya kuma riƙe rasidin inda ya saya. Kada kuma a roƙi ɗan'uwa da ke dawowa daga Landan ko Dubai ya sako shi a akwati, domin haramun ne a jirgin sama, a jakar hannu ko a cikin kaya, kuma za a jefa bawan Allah cikin masifar da bai san hawa ba bai san sauka ba. A shago ina ajiye nawa a akwatin ƙarfe mai makulli, wuri busasshe, nesa da janareta da batura, kuma ba na barinsu a cikin motar da ke tsaye a rana.

Duk wannan shiri yana taimakon hoton kansa, domin daƙiƙa 90 ba ta jiran mai shawara. Nakan sa su gwada tsayuwarsu da tafiyarsu sau uku ba tare da hayaƙi ba, in daidaita kyamara tun kafin a ja zobe, in sa saurin ɗauka a 1/500 na daƙiƙa ko mafi sauri don murɗe-murɗen hayaƙin su fito, in kuma sa rana ta kasance a bayansu ko a gefe, saboda hasken da ya ratsa hayaƙi ta baya shi yake ba shi jiki. A Kumasi rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida kuma duhu yana saurin rufewa, don haka na fi son sassafe, lokacin da iska take kwance kuma raɓa ba ta gama bushewa ba.

A watan da ya wuce wata Hajiya, uwar amarya, ta kira ni gefe ranar kamu ta ce tana so a yi hayaƙin a tsakar gida lokacin da amarya za ta fito, domin ta gani a bikin 'yar ƙawarta. Na dubi gidan: rumfar leda a sama, mata sun fi ɗari a zaune, jarirai a baya, tukwane uku a kan wuta a bayan ɗaki, ƙofar fita kuma guda ɗaya ce. Na rusuna na ce, “Hajiya, ku yi haƙuri, a nan ba zan iya ba, amma idan kun amince, gobe bayan sallar asuba zan zo in ɗauke su mu je fili, kuma ba zan ƙara ko pesuwa a kan kuɗin da muka yi ba.” Ranta bai so ba, ta ce wani mai hoton da ya yi mata ba musu. Na ce haka ne, akwai wanda zai yi, amma jikokinta ne a zaune a ƙarƙashin rumfar. Ta yi shiru, sannan ta ce in zo da wuri kafin baƙi su fara sallama. Washegari ƙarfe shida da kwata muna wani filin ƙwallo na jar ƙasa, yarona ya ajiye bokiti a gefen raga, ya ɗebi ƙura ya sake ta, ta nufi yamma a hankali. Muka kunna shuɗi biyu, ɗaya bayan ɗaya, muka tsoma su a ruwa, muka mayar da amarya gida kafin a sauke kokon safe.